Kindle Paperwhite a Hannun Mai Son Labaran Binciken Laifi: Abin da Na Gani Bayan Shekara Biyu

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Kaduna da son ƙagaggun labaran binciken laifi na Turanci ya san cewa samun littafin ya fi karanta shi wuya. A lokacin da muke makarantar sakandare, abin da ke zuwa hannunmu shi ne tsofaffin littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, waɗanda masu sayar da littattafan gwanjo ke bazawa a ƙasa a bakin titi a wajajen Sabon Gari, bangonsu ya yage, takardarsu ta yi ja, wasu kuma shafukan ƙarshe sun zube. A wani nau'in labari mutum zai iya haƙuri da rashin shafi uku na ƙarshe, amma a labarin da aka gina shi kacokan a kan tambayar wane ne ya yi kisan, zubewar waɗannan shafuka daidai take da zubewar littafin baki ɗaya. Sabon littafi kuwa, wanda ya fito a shekarar da ake ciki, sai dai a ba da sautu Abuja ko Legas, ko a jira wani ɗan'uwa da zai dawo daga Ingila. Wannan ƙishirwa ce ta sa na sayi na'urar karatu ta Kindle Paperwhite, kuma tun da na shafe fiye da shekara biyu ina amfani da ita kusan kowane dare, ina ganin na isa in faɗi abin da ta iya da abin da ba ta iya ba.

Kamfanin Amazon na Amurka ya fitar da Kindle ta farko a watan Nuwamba na 2007, samfurin Paperwhite kuma ya fara fitowa a 2012. Wadda nake da ita ita ce ta 2021, mai fuska inci 6.8, nauyinta bai wuce giram 205 ba, ana yi mata caji da wayar USB-C irin ta yawancin wayoyin hannu na yanzu, kuma lokacin da ta fito kuɗinta a Amurka dala 140 ne. A 2024 an fitar da wadda ta gaje ta, mai fuska inci 7, a kan dala 160. Na riƙe sabuwar a hannun wani aboki na ɗan lokaci, shafi ya fi saurin juyawa a cikinta, amma ban ga bambancin da zai sa mai ta 2021 ya sauya ba.

Abin da ya raba ta da waya ko kwamfutar hannu shi ne fuskarta. An yi ta da fasahar da ake kira E Ink, wato wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare da ke cikin 'yan mitsi-mitsin kwansuna, waɗanda lantarki ke turowa sama ko ya mayar ƙasa har su zana haruffa. Da zarar shafi ya zauna, to ya zauna ke nan kamar tawada a kan takarda, ba ya bukatar wuta don ya ci gaba da bayyana, sai lokacin da aka juya zuwa na gaba. Hasken da ke cikinta kuma daga gefe yake fitowa ya shimfiɗu a kan shafin, maimakon ya taso daga baya ya doki ido kamar yadda na waya ke yi, kuma ana iya karkata shi daga fari zuwa ruwan ɗorawa idan dare ya yi. A tsakar rana, a ƙarƙashin bishiya ko a cikin mota, rubutun ƙara fitowa yake yi, alhali fuskar waya a irin wannan lokaci sai an kare ta da tafin hannu kafin a ga komai.

Ga mu da muke zaune inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, batirin shi ne babban abin yabo. Kamfanin ya ce caji ɗaya na iya kai mako 10, amma wannan lissafi an yi shi ne a kan karatun rabin awa a rana, da intanet a kashe da haske matsakaici. Ni da nake karatun awa biyu ko fiye a dare, nakan yi mako biyu zuwa uku kafin in nemi caja, kuma wannan ya wadatar da ni ƙwarai. Akwai daren da aka ɗauke wuta tun bayan sallar isha'i, zafi ya hana barci, wayoyin gidan duk sun mutu, ni kuwa ina kan tabarma a tsakar gida ina bin wani jami'in bincike lungu-lungu har aka kira assalatu. Da littafin takarda ne da sai na nemi tocila, da waya ce da tuni ta ɗauke, ko kuma saƙonnin WhatsApp sun raba mini hankali gida goma. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin na'urar ba ta ringi, ba ta kawo saƙo, ba ta nuna bidiyo, aikinta ɗaya ne tak.

Inda na fi son in tsaya shi ne yadda ta dace da labarin binciken laifi musamman, domin irin wannan labari yana da tasa hanyar karatu. Marubuci nagari a wannan fanni ba ya ɓoye wa mai karatu shaida, sai dai ya ajiye ta a inda ido zai wuce ta ba tare da ya tsaya ba: agogon da aka ce ya tsaya a babi na uku, direban da ya ce bai taɓa shiga gidan ba amma ya san inda makullin fitila yake, wasiƙar da aka ambaci ranar rubuta ta sau ɗaya kawai. Idan aka kai babi na ashirin jami'in bincike ya ɗago wata magana, mai karatu na gaskiya yana so ya koma baya ya tabbatar da idonsa cewa an faɗe ta, kuma a yadda aka ce an faɗe ta. A littafin takarda wannan aiki ne na laluben shafuka, wanda sau da yawa mutum kan gaji ya bari. A Kindle kuwa sai in rubuta kalmar agogo ko sunan direban a wurin bincike, nan take duk jimlolin da kalmar ta fito su jeru a gabana, in karanta wadda nake nema, in dawo inda na tsaya. Wannan ya sauya yadda nake karatu. Na daina zama ɗan kallo da ke jiran a gaya masa mai laifi, na koma mai tuhumar marubucin da kansa, ina duba ko ya yi mini adalci ko kuwa ya fito da wata shaida daga aljihu a babin ƙarshe. Littattafai da dama da na ɗauka gwanaye ne suka rubuta su sun faɗi wannan jarrabawa, wasu kuma da na raina sun ba ni mamaki da tsabar tsarinsu.

Sai dai wannan wuƙa baki biyu gare ta. Sakamakon binciken yana kawo jimloli daga littafin gaba ɗaya, har da babin da ba a kai ba, don haka idan ido ya zarce ƙasa kaɗan, mutum zai iya cin karo da jimlar da ke cewa an sa wa wane ankwa, shi ke nan daɗin kwana uku ya tafi a cikin daƙiƙa ɗaya. Na koyi rufe ƙasan fuskar da hannu idan ina nema. Haka nan akwai wani tsari da ke ja wa jimlolin da masu karatu da yawa suka yi wa alama layi a ƙasa, kuma a labarin bincike jimlar da ɗaruruwan mutane suka tsaya a kanta galibi ita ce bakin zaren. Ana iya kashe wannan a cikin saituna, kuma shawarata ita ce a kashe shi tun ranar farko. Akwai kuma X-Ray, wanda ke jero sunayen mutanen da ke cikin labari da wuraren da aka ambace su. Yana da amfani sosai a littattafan ƙasashen Sikandinebiya da na Japan, inda sunaye kan rikita wanda bai saba da su ba, har ya kasa tuna ko wannan mutumin shi ne surukin mamacin ko lauyansa. Amma ba kowane littafi ne ke da shi ba, kuma shi ma sai an yi taka-tsantsan.

Wani ƙaramin abu da ban zaci zai dame ni ba shi ne rubutun da ke ƙasan shafi, wanda ke nuna kashi nawa cikin ɗari aka karanta da minti nawa suka rage a babi. Wanda ya daɗe yana karanta irin waɗannan labarai ya san cewa idan 'yan sanda suka kama mutum alhali littafin bai wuce kashi 60 ba, to ba shi ne mai laifin ba. Kaurin shafukan da suka rage a hannun dama ma yakan tona wannan asiri a littafin takarda, amma a nan ana iya ɓoye lambar gaba ɗaya ta hanyar taɓa wurin, kuma tun da na fara ɓoye ta nake shiga ƙarshen labari ba tare da na san ƙarshen ne ba. Wannan ni'ima ce da takarda ba za ta iya bayarwa ba.

Ƙamus ɗin da ke ciki ya cancanci yabo na musamman ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Labaran laifi cike suke da kalmomin kotu, da na likitocin da ke binciken gawa, da muƙaman 'yan sandan Birtaniya da na Amurka waɗanda ba su yi daidai da namu ba, da kuma zaurancen 'yan daba na biranen da ba mu taɓa zuwa ba. Da an danna kalma an riƙe, ma'anarta za ta fito ko da babu intanet, kuma na'urar tana tara duk kalmomin da aka duba a wuri guda don a koma musu daga baya. Ɗalibin da ke son ƙarfafa Turancinsa zai amfana da wannan fiye da yadda zai amfana da littafin nahawu, domin son sanin wanda ya yi kisa zai ja shi ya haɗiye kalmomi ɗari ba tare da ya ji nauyinsu ba.

Ta fuskar samun sababbin littattafai, wanda shi ne dalilin sayenta tun farko, ta cika alƙawari. Littafin da ya fito yau a Landan ko New York yana iya sauka a hannuna a Kano cikin minti ɗaya, kuma kafin in biya ko sisi ana ba ni samfurin farkonsa kyauta, wanda yawanci ya isa in gane ko marubucin ya iya riƙe mai karatu. Ta wannan hanya na karanta marubutan Nijeriya na wannan zamani da suka shiga fagen labarin laifi, waɗanda ban taɓa ganin littattafansu a shagunan unguwarmu ba, kamar My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite da ya fito a 2018 har ya shiga jerin farko na gasar adabi ta Booker a 2019, da Lightseekers na Femi Kayode na 2021, wanda ya samo tushe daga kisan gillar da aka yi wa ɗalibai huɗu a Aluu kusa da Fatakwal a 2012. Karanta labarin bincike da ke gudana a ƙasar da ka sani, inda ɗan sanda ke fama da rashin man mota kuma shaidu ke tsoron buɗe baki, yana da wani ɗanɗano da labarin ƙauyen Ingila ba shi da shi. Tsofaffin labaran bincike da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kuwa kyauta ake samun su a rumbun littattafai na intanet mai suna Project Gutenberg, wanda aka kafa tun 1971. Abin lura kawai shi ne wasu littattafan ba a sayar da su ga mai adireshin Nijeriya, saboda yadda kamfanonin ɗab'i ke raba haƙƙin sayarwa ƙasa-ƙasa.

Game da littattafan adabi masu zurfi, waɗanda ba gaggawar sanin ƙarshe ke jan su ba, ra'ayina ya bambanta. Irin wannan littafi yana son a zauna da shi, a koma sakin layi ɗaya sau uku, a tuna cewa wata magana tana can saman shafin hagu kusa da tsakiyar littafi, a ajiye shi a kan tebur mako guda yana kallon mutum. A Kindle kowane shafi kamar ɗan'uwansa yake, haruffa iri ɗaya, faɗi iri ɗaya, babu kauri babu ƙamshi, kuma na lura cewa abin da na karanta a cikinta na wannan nau'i bai cika zama mini a rai kamar wanda na karanta a takarda ba. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, na fara shi a na'ura, amma da na samu bugun takarda na kamfanin Cassava Republic sai na sake shi daga farko, kuma a karatu na biyu ne unguwannin da mutanen labarin suka tsaya mini sosai a ido. Waƙoƙi kuwa sun fi shan wahala, domin idan aka ƙara girman haruffa sai baitoci su kakkarye a inda mawaƙin bai karya su ba.

Batun kuɗi shi ne inda mai saye a Nijeriya ya kamata ya yi dogon tunani. Sabon littafi daga manyan kamfanonin ɗab'i yakan kama tsakanin dala 10 zuwa 15, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, wannan ya zama kuɗin cefanen kwanaki a gidaje da yawa. Ƙari a kan haka, daga 2022 bankuna da dama sun taƙaita ko sun dakatar da sayayya a ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka fara dawo da ita. Abin da ke rage raɗaɗin shi ne rangwamen da ake yi kullum, inda littafin da ya yi shekara ɗaya ko biyu da fitowa kan faɗo zuwa dala 2 ko 3, kuma labaran laifi suna cikin waɗanda aka fi yi wa wannan rangwame. Nakan rubuta sunayen waɗanda nake so in jira, kuma mafi yawansu sukan sauko idan aka yi haƙuri.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci a wurina. Littafin da aka saya a Kindle izinin karatu ne da ke ɗaure da asusun mai saye, ba kaya ba ne da za a miƙa wa maƙwabci, ko a sayar, ko a bar wa 'ya'ya gado a kan kanta. A watan Fabrairun 2025 ma kamfanin ya cire hanyar da ake bi a sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta don a ajiye. Mu kuwa al'adar karatunmu ta aro ce. Littafi ɗaya na Hausa yakan zagaya gida biyar a unguwa, shagunan hayar littattafai sun raya adabin kasuwar Kano shekara da shekaru, kuma rabin daɗin labarin bincike shi ne ka ba abokinka, bayan kwana biyu ku zauna a majalisa kuna musun a wane babi kowannenku ya gano mai laifin. Sau da yawa nakan gama littafi mai daɗi in rasa wanda zan tattauna da shi, domin ba zan iya ba da aronsa ba sai dai in ba da na'urar dukanta.

Littattafan Hausa kusan babu su a kasuwar Kindle, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da na'urar ke magana da su. Duk da haka akwai mafita, domin ta hanyar tsarin Amazon da ake kira Send to Kindle ana iya tura takardun Word da PDF da EPUB, wato tsarin fayil na littattafan na'ura, zuwa cikinta, don haka idan marubuciya ta sayar maka da littafinta a matsayin fayil, za ka iya karanta shi a nan cikin natsuwa maimakon a waya. Fayil ɗin Word da EPUB sun fi kyau, domin ana iya ƙara girman haruffansu, shi kuwa PDF yakan fito ƙanana a fuska mai inci 6.8. Idan haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su fito da kyau a wani salon rubutu ba, ana iya sauya salon, ko a zuba wani daga kwamfuta ta wayar USB. Ina fata marubutanmu da ke gwada labarin bincike da Hausa, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a manhajoji da zaurukan intanet, za su riƙa fitar da ayyukansu a tsarin EPUB.

Jikinta yana da ƙwari daidai gwargwado. An yi ta yadda za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 2 har tsawon awa ɗaya, saboda haka yayyafin damina ko shayin da ya zube ba abin tsoro ba ne, ƙurar hunturu kuma goge ta kawai ake yi da tsumma mai laushi. Abin da ba ta jurewa shi ne danniya, domin a ƙarƙashin fuskar akwai gilashi siriri, idan aka zauna a kanta ko aka cusa ta a jaka tare da kaya masu nauyi zai iya tsagewa daga ciki, kuma gyaransa a nan ba abu ne mai sauƙi ba. Riga mai murfi wajibi ce. Ba ta da maɓallin juya shafi, sai dai a taɓa fuskar, abin da na saba da shi cikin kwana biyu. Wanda zai sayi ta hannu a kasuwa ya tabbatar, tun yana gaban mai shagon, cewa an cire asusun mai ita na farko kuma tana karɓar rajista da nasa asusun, domin na'urar da aka kai rahoton ɓatanta ko sace ta ba ta karɓar sabuwar rajista.

Wanda ke karanta littafi biyu ko uku a shekara ba ya bukatarta, manhajar Kindle ta kyauta a wayarsa ta ishe shi. Wanda karatunsa duka na Hausa ne shi ma ya dakata tukuna. Amma mai bin jerin labaran jami'in bincike guda littafi bayan littafi, wanda ke gama na huɗu da ƙarfe ɗayan dare kuma ba zai iya jiran sautu daga Abuja kafin ya buɗe na biyar ba, zai ci moriyar kuɗinsa tun a watannin farko. Ni dai yanzu na raba karatuna gida biyu: labaran laifi da na bincike a na'ura, littattafan adabin da nake son 'ya'yana su tarar a gida kuma ina ci gaba da ba da sautunsu a takarda.